Shekarar da Inabi Ya Jira Alkyabba

Duk wanda bai san Barnabé Gaudrillet ba, to bai taɓa ratsawa ta Vaucerelle ba, ko kuwa ya ratsa da auduga a kunne. Mu dai Allah ya yi wa ƙauyenmu baiwa: ya ba mu tudu mai kallon kudu, ya ba mu ƙasa mai tsakuwa irin wadda inabi ke so, sannan ya ba mu Barnabé. Tudu da ƙasa ba sa magana, shi ya sa bawan Allah ya ɗauki nauyin yi musu, safe da yamma, ba tare da an roƙe shi ba.

Mutum ne da Allah ya hore wa jiki. Tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki ya gaisa da jama'a kafin mai shi ya ƙaraso. Gashin bakinsa har mai na musamman gare shi, daga birni ake aiko masa. Ko burodi ya je saye wurin Honorine, sai ya tsaya bakin ƙofa ya yi gyaran murya, ya ba mutane damar su lura cewa ya iso. Shi ne shugaban Ƙungiyar Masu Almakashi, ƙungiyar manoman inabin garinmu, wadda kakanninmu suka kafa, ina kyautata zato, don su sami hujjar cin abinci tare ba tare da matansu sun yi mita ba. Kafin Barnabé, kayan shugabanci ba su wuce wata jar alkyabba da ƙararrawar hannu ba. Da ya hau sai ya ƙara hula mai gashin jimina, da sarƙa, da sanda, da farar safar hannu. Yara suka sa masa Mai Alkyabba, manya suka sa masa Ɗawisu. Shi kuwa ya buga kati ya rubuta wa kansa Babban Majiɓincin Tudu.

Yadda ya hau ɗin ma abin koyi ne. Baba Anatole ne ke riƙe da ƙungiyar tun muna yara, wani siririn tsoho mai ƙarancin magana, sai wata shekara ƙanƙara ta sauka a gonarsa ta yi mata kaca-kaca, ko kwando ɗaya bai ɗauka ba. Muna da tsohuwar ƙa'ida, wadda kowa ya manta da ita, cewa shugaba sai wanda ya matse inabinsa ya cika ko da ganga ɗaya a shekarar. Kowa ya manta, ban da Barnabé. A taron hunturu ya miƙe, ya ɗora hannu a ƙirji.

"Ya 'yan'uwana masu almakashi," in ji shi, "da ƙyar nake haɗiye hawaye. Baba Anatole uba ne a wurina. Amma al'ada al'ada ce. Wanda bai matse inabi bana ba, da wane baki zai ce wa wasu su yanka? Ko ni ne, ni Barnabé, ranar da gangata ta kwana wayam, ku tuɓe mini alkyabba a tsakiyar kasuwa, wallahi godiya zan yi muku."

Baba Anatole ya tashi tsaye. Ya cire alkyabbar ya ninke ya miƙa masa, ya koma ya ƙarasa cukunsa. Mu kuwa muka ɗauki maganar muka ajiye, don a ƙauye ba a zubar da komai.

Babban aikin shugaba guda ɗaya ne. Babu mai sa almakashi a inabi a Vaucerelle sai shugaba ya kaɗa ƙararrawa, ya yanke nonon inabi na farko daga gonarsa. Wanda ya riga ƙararrawa, hukuncinsa a wurin walimar kaka a ba shi butar ruwa ya shanye a gaban jama'a. Ruwa zalla, a garin masu giyar inabi, inda ko miya ba a yi da shi in akwai yadda za a yi. Akwai gidan da har gobe ake yi wa gori saboda kakansu ya sha. A zamanin Baba Anatole abin ba ya ɗaukar lokaci. Tsohon zai zaga gonaki da kayan aikinsa, ya tsinki ƙwaya nan, ya tauna can, ya tofar, in ya ji ta yi sai ya kaɗa ƙararrawa ya ce, "To, mu je." Shi ke nan, kaka ta fara.

Barnabé ya ga wannan asarar dama ce. A hannunsa kaɗa ƙararrawa ta zama biki, da masu busa ƙaho, da tutoci, da manyan bas-bas cike da masu yawon buɗe ido daga Holan da Beljiyam da Ingila. Gaskiya ɗaya ce, Honorine ta sayar da burodin da ba ta taɓa mafarki ba, mu ma kwalaben giyarmu sun tafi. Sai dai duk baƙon da ya sayi kwalba, sai ya biya da kunnensa. Barnabé zai tara su a ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda gangunan giyarsa suke, ya ɗaga kofi ya nuna wa fitila, ya lumshe ido.

"Kada ku sha tukuna! Wannan ba abin sha ba ne, tarihi ne. Ku sa hanci. Kun ji? Wannan ƙamshin gumin kakana ne. Ku ƙara shaƙa. Can ƙasa-ƙasa akwai wani haƙuri, wata dattaku, wani abu da mutane suka ce, ba ni na faɗa ba, ya yi kama da halina."

Baƙi su yi ta gyaɗa kai, suna kallon kofi kamar yaro da alewa a hannu an ce ya jira.

To, sai ga shekarar da nake son ba ku labari. Zafi ya zo da wuri, ya zauna daram, rana ta yi ta dafa tudu ba hutu. Satumba ko kama ƙafa ba ta yi ba inabi ya nuna. Ya yi baƙi sil, ya yi zaƙi har yana ɗanko a yatsa, rina suka fara yi masa zarya. Rediyo kuma ya shiga faɗin cewa ruwa mai yawa na tahowa daga teku wajen ƙarshen wata. Kowane ɗan garin nan ya san abin da ruwa ke yi wa nunannen inabi: ya kumbura, ya fashe, ya ruɓe a jikin itace. Aikin shekara guda ke nan, da abincin gida, da komai.

Amma Barnabé ya riga ya sa ranar bikinsa tun cikin hunturu, Asabar ta ƙarshen Satumba. An buga takardun talla da hotonsa. Bas-bas sun yi alkawari. Mutanen talabijin sun ce za su zo. Abin da ya fi duk waɗannan, ya ba wani tela a birnin Lyon ɗinkin sabuwar alkyabba, ta jan karan-miski, mai zaren zinariya, don tsohuwar ta daina haɗuwa a gaba, kuma telan ya ce sai ƙarshen wata.

Muka tashi tawaga muka same shi a barandarsa, wadda ke kallon gonarsa kai tsaye. Baba Anatole ya ajiye masa nonon inabi a faranti, rina biyu na biye da shi. Barnabé ya cire safar hannu, ya tsinki ƙwaya ya tauna. Ba zan yi masa ƙarya ba, ɗan manomi ne, bakinsa ya gaya masa gaskiya, na ga ta gilma a fuskarsa. Sai idonsa ya faɗa kan takardar tallar da ke manne a bango, ya ga kansa, gaskiyar ta kama gabanta.

"Jama'a, me ya same ku ne? Gaggawa halin 'yan birni ce. Inabi ya zauna a tudun nan tun zamanin Rumawa, yanzu ne zai kasa jiran tela? Kuna so duniya ta kunna talabijin ta ga Majiɓincin Tudu da maɓalli a buɗe? Ba don kaina nake yi ba, Allah ya sani. Mutuncin Vaucerelle ne a kafaɗata."

"Shugaba, ruwa fa?" in ji Honorine, wadda ita ma tana da 'yar gonarta bayan coci.

"Na duba sama da kaina jiya," in ji shi. "Ba za ta yi mini haka ba."

Muka sauko jiki a sanyaye. Washegari da safe muna cunkushe a shagon Honorine, kowa na faɗin abin da zai yi wa Ɗawisu in da babu hukuma, sai ga matarsa Solange ta shigo da kwandonta. Shago ya yi tsit. Solange mace ce gajera mai busassun hannuwa, kuma kowa ya san gonar da Barnabé ke taƙama da ita ubanta ne ya dasa, ita ke yi mata aski cikin sanyin hunturu yayin da maigidan ke gaban madubi yana gwajin jawabi.

"Kun yi shiru kamar an yi rasuwa," in ji ta. "Ni ba abin da na zo faɗa. Na dai lura mijina tun da ya sayi takalman nan masu ƙyalli bai taɓa wuce layi na biyu a gonar kowa ba. Daga mota yake duba inabi. Honorine, ba ni dogaye biyu, masu ɗan ƙuna."

Baba Anatole ne ya fara ganewa. Ya dube ta ya ce, "'Yata, taku gonar fa?"

"Tamu tana ƙarƙashin barandarsa, Baba. Da ita yake shan kofi, da ita yake cin abincin rana. Ganye ɗaya ya motsa sai ya gani. Ku dai ku ceci naku."

Ta karɓi burodinta ta fita. Ranar na ji tausayin matar nan har cikin raina, don na san yadda take ji da itatuwan nan, wasu ma sun girme ta.

Abin da ya biyo baya, ban taɓa ganin garinmu cikin nishaɗi irinsa ba. Kowa ya bar layi biyu na bakin hanya cike da inabi, shar da su, ya shige ciki ya kama yanka. Tsofaffi, matan aure, mai gidan waya, har limamin coci ya naɗe hannun riga. An hana waƙa, an hana ihu, sai raɗa da dariyar da ake dannewa har ciki ya yi ciwo. Da an hango jar motar Barnabé ta ɓullo kwana, sai ka ga mutum talatin sun nutse tsakanin layuka kamar kaji sun ga shaho. Ya wuce a hankali, gwiwar hannu a taga, yana gyaɗa kai ga layukan gaba.

Taraktoci suka yi ta kai-komo da tirela a rufe da tamfol. Ya tare Baba Anatole a mararraba ya tambaye shi me ake ta jigila haka.

"Taki ne, Shugaba."

"Taki a wannan lokaci?"

"Jiran ƙararrawa ya sa ba mu da aikin yi."

Barnabé ya toshe hanci da hankici, ya ɗaga masa sanda ya wuce, ruwan inabi na ɗiga daga gindin tirelar a kan kwalta.

Sai matsalar hannu. Baƙin inabi ba ya ɓoye wanda ya taɓa shi, duk garin hannuwa sun rine sun yi shuɗi-shuɗi har wuyan hannu. Honorine ta kawo shawara, kafin Lahadi babu safar hannu ko ɗaya da ta rage a shagunan garuruwan da ke kewaye. Ana zafin da kare ke neman inuwa, ga mutanen Vaucerelle sun fito coci kowa da safa, wani ta lambu, wani ta wanke-wanke, wata ta aurenta. Barnabé ya tsaya a matakala ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya ciko.

"Ban taɓa cewa ku yi koyi da ni ba," in ji shi. "Amma shugaba nagari haka yake, ko bai yi magana ba tufarsa na wa'azi. Na gode, 'ya'yana. Sai dai fara ta fi."

Ko da ƙamshin sabuwar giya mai tsima ya fara fitowa daga kowane ɗakin ƙasa ya cika lunguna, har mutum in ya yi tafiya mai tsawo sai ya ji kansa na juyawa, Barnabé ya tsaya a dandali ya shaƙa ya ce wannan ƙamshin ɗoki ne, ƙasa ce da kanta ta ƙagu ta ji muryarsa.

Akwai dai waɗanda layi biyu na bakin hanya bai ruɗe su ba. Baƙaƙen tsuntsayen nan masu yawo garke-garke, waɗanda kowace kaka sukan rarrabu a gonakin kwarin gaba ɗaya kowa ya ba da ɗan rabonsa, sun wayi gari sun tarar an kwashe tebur. Bakin hanya taraktoci sun hana su sakat. Suka yi shawagi, suka duba gabas, suka duba yamma, sai ga gona guda a tsakiyar tudu, cike maƙil, zaƙi har yana tsiyaya, ba kowa a ciki. Ina jin har 'yan'uwansu na wasu kwaruruka suka aika wa.

Solange ta roƙe shi a shimfiɗa raga. Ya ce raga a gonar da za ta fito a talabijin? Sai dai bayan ransa. Ta ce a harba bindigar tsoratarwa. Ya ce ƙara na dagula masa tunani, yana tsakiyar rubuta jawabi. Da ta rasa yadda za ta yi, ta ɗauko tsohuwar jar alkyabbar, ta cusa mata ciyawa, ta kafa a tsakiyar gona. Barnabé ya leƙo daga baranda ya ga mutum-mutuminsa, tsuntsaye sun jeru a kafaɗunsa har da masu jiran layi.

"Kin gani, Solange? Har tsuntsun sama ya san girma."

Ta juya ta shige gida. Daga ranar ta daina fitowa baranda.

Sabuwar alkyabba ta iso ana jibi biki, a cikin kwali kamar na firji. Ranar Asabar gari ya tashi da nauyi, baƙin hadari ya taru a yamma, iska ta tsaya cik. Bas-bas suka zo suka zazzage baƙi, kowa da hular rana da ɗan almakashin da aka sayar masa. Masu talabijin suka kafa na'urorinsu. Mu kuma muka jeru da safunanmu, giyarmu na can tana kumfa lafiya lau a ganguna, fuskokinmu kamar na waliyyai. Masu ƙaho suka busa. Sai ga Barnabé ya fito, kuma ba zan rage masa komai ba, ya yi kyau. Ya yi kama da kujerar gidan gwamna da ta koyi tafiya.

Ya hau dandamalin da aka kafa a bakin gonarsa, ya ba gonar baya, ya fuskanci kyamara.

"Ya ku baƙinmu na kusa da na nesa! Yau idonku zai ga abin da kuɗi ba ya saye, wato biyayya. Ku dubi tudun nan. Tun makonni inabi ya nuna, rana ta matsa, rediyo ya yi barazana, amma ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa ba. Me ya sa? Saboda mutum ɗaya bai ce a taɓa ba. Ba na son yabon kai, tarbiyyata ta hana ni. Amma a wasu ƙasashe sai da soja ake samun irin wannan. A nan gashin baki ya wadatar."

Honorine ta cusa safarta a baki. Limamin coci ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba shi da igiya. Jawabi ya ci gaba, ya bi ta kan Rumawa, ya bi ta kan kakansa, ya tsaya ya daɗe a kan kansa, har wani ɗan Holan ya zauna a ƙasa. Daga ƙarshe ya ɗaga ƙararrawa sama da hannu biyu, ya kaɗa ta da duk ƙarfinsa, masu ƙaho suka ɗauka gaba ɗaya.

Gonar ta tashi sama. Haka na gani, haka zan faɗa. Dubban tsuntsaye suka yunƙura a lokaci guda daga bayansa, suka rufe sararin sama, suka murɗa, suka buɗe, suka sake murɗawa a kan hular gashin jimina. Baƙi suka ɓarke da tafi da sowa, sun ɗauka cikin shirin ne. Mai kyamara har tsalle yake yi. Barnabé, wanda bai san me ya faru ba, ya ga ana tafi, sai ya yi abin da ya saba, ya rusuna dama, ya rusuna hagu, ya ɗora hannu a ƙirji.

Sannan ya karɓi almakashin azurfa a kan matashi, ya juya, ya taka cikin gonarsa da takalma masu ƙyalli don ya yanke nonon farko. Ya ɗaga ganye, sai tsinke. Ya ɗaga na gaba, tsinke da 'yar fata a bushe. Ya wuce layi na biyu, karo na farko cikin shekaru, ya shiga na uku, na huɗu, alkyabba na kama ƙaya, kyamara na bin sa a baya. Ya isa wurin mutum-mutuminsa, wanda tsuntsaye suka yi wa ado fari-fari tun daga kafaɗa har ƙasa, suka tsaya suna kallon juna. Daga nan tsakiyar tudu, inda bai taɓa tsayawa ba, ana ganin bayan gonakin kowa. Ya duba, ya ga layi biyu-biyu a bakin hanya, bayansu kuwa fayau har gindin daji.

Ya dawo da gudu-gudu, hula a karkace.

"Ku cire safar nan! Kowa ya cire!"

Muka cire. Hannuwa sama da ɗari suka tashi sama, shuɗaye, har da na limami. Wata Baturiyar Ingila ta ce wannan al'ada ta burge ta ƙwarai, ta tambaya ko ana sayar da rinin.

"Maciya amana!" in ji Barnabé. "Ruwa! Na yanke muku hukuncin ruwa, dukanku, babba da yaro! Sai kun sha ruwa a gaban duniya!"

Bai rufe baki ba aka yi wata tsawa, sama ta ɓalle. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baba Anatole ya cire hularsa, ya ɗaga kai, ya buɗe bakinsa mai haƙori uku.

"Ga shi muna biya, Shugaba!"

Garin gaba ɗaya muka ɗaga kai muka buɗe baki, baƙi ma suka taya mu. Aka kama rawa cikin taɓo, masu ƙaho na busa ruwa. Karan-miski kuwa ba ya shiri da ruwa, jan rinin ya bi farar safar ya sauka har takalma. Mutum ɗaya na gani ba ya dariya ban da mai alkyabbar. Solange na tsaye a bakin layin farko, ta dafa wata tsohuwar itaciya, ruwa na zuba a kanta.

Ba mu tsaya shawara ba. Muka karɓe almakasan baƙi, wasu baƙin ma suka biyo mu, muka bazu bakin hanya cikin ruwan nan muka yanke layukan da muka bari kafin su sha su fashe. Na kowa da kowa, aka haɗa a tirela ɗaya, ba tamfol, aka kai ƙofar Solange. Baba Anatole ya ce mata, "'Yata, wannan naki ne, ba na gidanku ba. Ke kika dasa shi a shagon burodi." Ta matse da kanta, ya cika ganga guda har da ɗan ragi, ta ɗauki alli ta rubuta sunanta a jiki.

A taron hunturu, bayan an ci an sha, Barnabé ya miƙe zai fara jawabi a kan yafiya, don ya yanke shawarar yafe mana. Sai Baba Anatole ya ɗaga yatsa. Ya tashi a hankali, ya ɗora hannu a ƙirji.

"Da ƙyar nake haɗiye hawaye," in ji shi. "Yaron nan ɗa ne a wurina. Barnabé, ganga nawa ka cika bana?"

"A gidana akwai ganga cike!"

"Da sunan wa?"

Ba mu kai shi tsakiyar kasuwa ba, saboda sanyi. Godiyar da ya yi alkawari ma har yau muna jira. Solange ta hau da ƙuri'ar kowa, ta rage alkyabbar daidai jikinta, abin da ya saura ya ishe ta labulen falo da rigar kujera biyu.

Kada ku ce mun wulaƙanta shi. Vaucerelle ba ta zubar da komai, na faɗa muku. Da inabi ya fara nuna a shekara ta gaba, sabuwar shugaba ta kira mijinta gaban ƙungiya ta naɗa shi Babban Mai Jawabi na Tudu, ta mayar masa da hula da sarƙa da sanda, ta sa aka kafa masa dandamali a tsakiyar gona, daidai inda mutum-mutumin ya tsaya. Ta ce gonar na bukatar jin tarihinta kowace rana, daga fitowar rana har faɗuwarta. Ya karɓa da hawaye, ya buga sabon kati.

Ranar da ta ji ƙwaya ta yi, Solange ta kaɗa ƙararrawa daga kan tarakta ta ce, "To, mu je." Gonarta ta ba da amfanin da ba ta taɓa bayarwa ba tun ubanta na da rai, ko ƙwaya ɗaya tsuntsu bai taɓa ba. Sukan zo dai, garke guda, su sauka a kan waya su karkata kai. Da Barnabé ya kai kan Rumawa a jawabinsa, sai su tashi.